Ludayin Nonon Jiya

Shekarar da na koma garin Isa da aikin koyarwa, ba na cika sati biyu ba tare da mura ba, maruru kuma wannan na fashewa wani na fitowa. Duk ranar kasuwar Bafarawa sai na sayi kafso wurin masu tallar magani a kan babur, in yi ta haɗiya kamar gyaɗa.

Da abin ya ishe ni, na tafi Sabon Birni wurin gwaggona, wadda mata ke kai wa yaransu ta ba su sassaƙe. Na nuna mata marurun wuyana, ko kallo bai ishe ta ba. Cikina ta tambaya, abin da nake ci da sau nawa nake zagayawa. Na ji kunya, amma na faɗa mata gudawa ta zame mini jiki.

Sai ta jawo ƙwaryar madara, ta ɗebi ludayi guda na nonon jiya ta zuba a ciki. Ta ce, "Ɗana, in ba a sa wannan ba, madara ba ta kamawa, lalacewa taka yi. Kai ka wanke cikinka tas da kafso, mi ya rage da za shi tsare ka?"

Ta hana ni kafson kasuwa, ta ɗora ni a kan fura da nono mai tsami da kwaɗon zogale. Kafin kaka wuyana ya warke, murar ma ta sake ni.

Yanzu ɓarayin daji sun kore shanun yankinmu, nono ya yi wuya. Kafso kam ko'ina akwai shi.