Sista Damaris, Ƙafar Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Duk mai bi ta bayan kasuwar Sabon Tasha da safe ya san Sista Damaris. Za ka gan ta da farin takalmin nan da ya sha wanki har ya gaji, da baƙar jaka a kafaɗa, tana ja-in-ja da mai keke kamar ranar ta fara hawa. Kafin ta isa ƙaramin asibitin da take aiki ta riga ta leƙa gidaje: nan ta wanke gyambo, can ta yi wa wata tsohuwa faɗa a kan gishiri. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Na ga bai dace ta tafi shiru ba.

Aikin da aka fi saninta da shi ba na cikin asibiti ba ne. Ita ce nas ɗin da ake ɗauka ta raka marar lafiya Indiya ko Masar idan likitocin gida sun ce abin ya fi ƙarfinsu. Ta iya lallaɓa tsoho ya hau matakalar jirgi, kuma ba ta tafiya sai da kuka da daddawa a ƙasan akwati, don ta lura wanda ya ƙi abincin asibitin can ba ya ƙin miyar kuka. Wasu ta dawo da su suna takawa da ƙafarsu. Wasu kuwa jakarsu kaɗai ta dawo da ita.

Cikin na biyun akwai Malam Zakariyya'u na Makera, tsohon ma'aikacin masaƙa. Ciwon daji ya kama shi a hanji, aka yi masa aiki, sai ga shi ya ɓulla a huhu. Likitoci suka gaya wa ɗansa Hamza gaskiya, shi kuwa ya ce ba zai naɗe hannu ya zuba ido ba. Ya aika hotunan ƙirjin zuwa wani asibiti a Indiya, aka ce a kawo shi a gani ko tiyata za ta yiwu. Wa zai ga laifin ɗa a nan? Ni dai ban gani ba. Sai dai Hamza ya yi abin da mu duka muke yi wa iyayenmu da sunan tausayi: ya ce wa tsohon ruwa ne ya taru a ƙirji, za a zuƙe a dawo.

Damaris ta nemi a bar ta ta zauna da tsohon kafin tafiya. Hamza ya ƙi, ya ce in Baba ya ji zai karaya, kuma ba a faɗa wa babba irin wannan magana. Ba ta so ba, amma ta bi, da sharaɗi guda: in ya tambaye ta da bakinsa, ba za ta yi masa ƙarya ba. Haka Malam Zakariyya'u ya bar Makera kamar mai zuwa Zariya. Bai zaga maƙwabta ya nemi yafiya ba, yadda dattijo kan yi in zai yi tafiyar da bai tabbatar da dawowarta ba.

A can, likitoci suka sake dubawa suka ce ciwon ya bazu, wuƙa ba ta da abin yi. Hamza ya fita baranda yana kuka. Tsohon, da robar iska a hanci, ya dubi Damaris ya ce, “'Yata, zan koma gida kuwa?”

Ta ce, “Baba, za mu gwada. Amma jikin ya yi nisa.”

Bai firgita ba. Cewa ya yi da ya san haka ne, da ya je Sabon Tasha tukuna. Yana da aboki can, Istifanus, wanda suka yi shekaru a injin guda a masaƙa, suna cin abinci a kwano ɗaya. Da gari ya rikice Istifanus ya kwashe iyalinsa ya koma can. Bayan nan matarsa ta rasu, Zakariyya'u ya ji tsoron zuwa ta'aziyya. Tsoron ya wuce, kunya ta maye gurbinsa, shekaru suka yi ta tafiya. Damaris ta ɗauko waya za ta nemo lambarsa, tsohon ya riƙe hannunta. Ya ce laifin ƙafa ne, ba a wanke shi da waya.

Ta yi duk abin da nas za ta iya don a sa shi a jirgi. Ta bi ofis-ofis, ta nemo iskar da zai shaƙa a hanya, ta yi faɗa da Turancinta na Kaduna har aka fara tsoronta. Likita ya ce ƙirjin ba zai ɗauki tafiya ba, kuma gaskiyarsa ce. A can aka binne Malam Zakariyya'u, baƙi ne suka yi masa salla. Hamza ya shaida mini cewa har suka sauka Abuja ba ta taɓa ce masa “ai na faɗa maka” ba. Abinci take tura masa tana cewa ya ci.

Ke ce, Sista, ba ki ko buɗe akwati ba kika fita neman gidan Baba Istifanus. Ke ce kika durƙusa gaban tsoho da wannan gwiwar taki, kika ce Zakariyya'u ne ya aiko ki ta'aziyyar matarsa, yana kuma neman gafara. Maƙwabciyar da ke wurin ta ce tsohon cewa ya yi, “Ni ma ai na san hanyar Makera. Jira nake ya fara zuwa.” Ta ce ku biyun kuka zauna kuna hawaye har tuwon da ta kawo ya huce.

Tun daga wannan tafiya Damaris ba ta ƙara karɓar fasfon kowa ba sai 'ya'yan sun zauna da mahaifinsu sun gaya masa abin da ke jikinsa, shi ya zaɓa da kansa. Iyalai da yawa sun ji haushi, sun ce tana da taurin kai, suka nemi wata. Taurin kan kam akwai shi, masu keke ma shaida ne. Amma na san tsofaffin da suka tafi bayan sun yi sallama da kowa, na kuma san waɗanda suka ce a bar su a ɗakinsu cikin jikoki. Har yau in an ambaci Malam Zakariyya'u takan ce da ma ta ƙara matsa wa Hamza.

Mun gode, Sista Damaris. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwa lafiya. Mu kuma masu iyaye a raye, mu nema musu magani har ƙarshen duniya in da hali. Amma kafin a ɗaure akwati, mu gaya musu gaskiya, mu tambaye su ko akwai gidan da suke so su fara zuwa.