Mai Tsayuwa Bayan Ƙarfe

Mijin yayata mai walda ne, Garkuwa ake ce masa, kuma shi ya ƙera abin da ke tare harsashi a filin koyon harbin da nake aiki. Ni nawa aikin raba takardun da ake harbi da abin toshe kunne. Shi ya samo mini aikin, gara in faɗa tun yanzu don a san irin butulun da ke ba da labarin nan.

Filin dogon ɗaki ne. Masu harbi suna wannan ƙarshen, a wancan ƙarshen kuma akwai abin da muke kira bakin kada. Manyan faifan ƙarfe ne biyu, ɗaya ya gangaro daga sama, ɗaya ya taso daga ƙasa, suka bar 'yar kafa a tsakani. In harsashi ya zo sai ya gogi ƙarfen a karkace, ya zame ta kafar, ya faɗa kwamin yashi ƙarfinsa ya ƙare. Garkuwa yakan ce harsashi kamar mai fushi ne, ba a tarar sa da ƙirji, hanya ake ba shi har ya gaji. Sai dai karkatar kaɗai ba ta isa, dole ƙarfen ya kai kaurin babban yatsa. Bayan ƙarfen akwai siririn lungu mai ƙofa da kwaɗo, inda ake shiga kwashe darmar harsashi. Bayan lungun bangon bulo ne, bayan bangon kuma masu wanki da guga ne, suna shanya tun safe har yamma.

Maigidanmu tsohon soja ne mai son a yi dariya, muddin ba shi ake yi wa ba. Ranar da aka gama bakin kada ya zagaya shi yana taɓe baki, ya ce wa ya tabbatar masa zai riƙe. Garkuwa a lokacin jini na tafasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in shiga bayansa, ka harba." Ya shiga lungun, aka harba, ya fito yana murmushi. Baki shi ke yanka wuya. Daga ranar abin ya zama wasan gidan: duk lokacin da aka sauya ƙarfe, ko aka yi manyan baƙi, sai a tura Garkuwa lungu.

Ba a yarda ya toshe kunne, don Maigida yana son bayan kowane harbi ya ɗaga murya ya ce, "Garkuwa, kana nan?" shi kuma ya amsa, "Ina nan, ranka ya daɗe." Baƙi su yi ta tafi. Wanda bai taɓa shiga lungun nan ba bai san ƙara ba. Na taɓa leƙawa sau ɗaya ana harbi, na kwana biyu haƙorana suna amsawa. Garkuwa kuwa shekara goma sha tara ya yi yana wannan tsayuwa. Kunnen hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi. Daga baya ba ya jin kiran sam, sai ya dafa ƙarfen, in ya ji ya girgiza ya ƙirga uku ya amsa. Wani lokaci Maigida yakan yi shiru da gangan, sai a ji muryar Garkuwa daga lungu yana cewa yana nan, ba wanda ya tambaye shi. Wannan ya fi komai ba baƙi dariya, kuma ni ma na sha yi.

A gida yayata sai ta taɓa kafaɗarsa kafin ta yi magana. Nakan tsokane shi in ce ya huta, ya auri mai surutu Allah ya kawo masa sauƙi. Sai ya karanci bakina ya ce, "Kai dai ɗan banza ne, ci abincinka."

Shekarar da abin ya faru, Maigida ya sa aka sauke sabbin faifai daga mota. Garkuwa ya sa yatsa ya auna bakin ɗaya, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, wannan murfin tukunya ne. Zai riƙe ƙaramar bindiga, babba kuwa hudawa za ta yi."

"Tsufa ya kawo maka tsoro ke nan," in ji Maigida, yana buɗe baki sosai don ya gane. "Ka haɗa shi. Jibi ina da baƙi, kuma kai za ka tsaya."

"Ba don ni nake faɗa ba. Akwai masu wanki a bayan bangon nan."

"Su ma Allah ne ke tsaron su."

Washegari ranar hutu ce, ba kowa. Garkuwa ya kira ni lungu. Can ƙarƙashin yashi akwai tsofaffin faifai masu kauri da aka cire shekarun baya, kowa ya manta da su. Muka ja su da sarƙa da kurar ɗaukar kaya, ya liƙa su a bayan sababbin, ya rufe da kwano ya shafa fenti. Maigida ba ya shiga lungu, yana ƙyamar ƙurar darma. Da muka gama Garkuwa ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, ka rantse ba za ka faɗa ba. In ya sani zai sa a cire, ka san shi, ya gwammace bango ya huje da a ce ya yi kuskure." Na rantse.

Baƙi suka zo da manyan bindigoginsu. Garkuwa ya shiga lungu. Harbi talatin aka yi, sau talatin ya amsa yana nan. Da ya fito, Maigida ya kamo wuyan rigarsa ya tsayar da shi gaban mutane.

"Ku dube shi da kyau. Shekara goma sha tara yana sa ni sayen ƙarfe mai kauri, wai siriri ba ya riƙewa. Ga shi ya riƙe. Wa ya san abin da suke ƙullawa da masu sayar da ƙarfen?"

Garkuwa yana kallon bakinsa, na ga lokacin da ya gane. Ya juyo ya dube ni, ya ɗan girgiza kai don kada in yi magana. Bai ma san ban yi niyya ba. Aka kore shi a ranar, aka ce ya bar makullin lungu a teburina. Da zai fita wani baƙo ya bi shi da kira, "Garkuwa, kana nan?" Bai ji ba, sai aka sake fashewa da dariya.

Sunan maƙaryaci ya bi shi gari. Ya koma liƙin ƙafar kujera da murfin tanki a ƙofar gida, ba mai ba shi babban aiki. Bai taɓa kuka da kowa ba. In na je gaishe su, tambayarsa ɗaya ce, ko masu wanki suna lafiya. In na ɗaga kai, sai ya ci gaba da aikinsa.

Bara Maigida ya fara gina fili na biyu, a bayan wata tashar mota. Ya kawo wani mai walda ya nuna masa bakin kadanmu ta gaba, ya ce a yi masa irinsa sak, da siririn ƙarfe, ai an gwada shekara huɗu ko tsagewa bai yi ba. Na rubuta wa Garkuwa a takarda. Ya karanta sau biyu, ya sa takalmi, ya taho filinmu da ƙafa.

Mai gadi ya tare shi a ƙofa. Kurma bai san ƙarfin muryarsa ba, don haka har teburina ina jin sa yana cewa a buɗe lungu a ɓamɓare kwanon a gani. Maigida ya fito yana sakace.

"A da ka ce ba zai riƙe ba, yanzu kuma ka ce kai ka sa ya riƙe. Wace ƙaryar za mu ɗauka?"

"Tambayi ƙanena, ranka ya daɗe. Tare muka yi. Na yafe masa rantsuwar, ya faɗa."

Maigida ya juyo. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa takarda kafin ya harba.

"Kai, akwai abin da ka sani?"

Ina da 'ya'ya huɗu. Wannan shi ne uzurin da nake ba kaina, kuma na san bai kai kaurin murfin tukunya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san tsufa da kurumta. Sai haƙuri."

Na sunkuyar da kai sa'ad da nake faɗa, don kada Garkuwa ya karanci bakina. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, yana jira a ɗauko makulli, don ya ɗauka na faɗi gaskiya. Yana cikin murmushin mai gadi ya tura shi waje.

An buɗe sabon filin watan jiya. Makullin tsohon lungun yana aljihuna.