Gauraka Biyu a Kufan Inna Ladi

Litinin

Mun bar Tudun Wada bayan na yi sallar asuba, gari bai waye ba. Mu biyu ne: ni Tanko, tsohon maharbi kuma tsohon ɗan dako, da maƙwabcina Malam Yohanna, mai haɗa magani a asibiti. Shi ke da agogo, duk ƙarfen da na faɗa a bakinsa na ji. Kayan da na ɗauko akwatin hoto ne mai ƙafa uku, da gwangwanin gilasan da hoton ke kamawa a jikinsu. Wani Bature ya sayar wa Malam da su da zai koma gida. Tun daga nan hutunsa a bakin rafin Kubanni yake ƙarewa, yana bin tsuntsaye da fara.

Wannan tafiya don mahaifiyarsa ce, Inna Ladi. Tana yarinya aka kamo ta daga wani ƙauye a gindin dutse, ba ta sake ganinsa ba. Yanar ido ta rufe mata na hagu, na dama ma likita ya ce ba zai kai damina ba. Ƙafa kuma ba ta kai ta ko'ina. Ta ce a nuna mata dutsen nan da fadamar da gauraka ke sauka, ko a takarda ne. Na san wurin, na yi farauta a can.

Ƙaramin jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe bakwai da rabi. Inda akwai hawa, mai ƙafa ma yana iya binsa. A Soba muka sayi dafaffiyar gyaɗa ta anini. Ƙarfe biyu muka sauka Dutsen Wai, muka kwana gidan wani fatoma mai saukar baƙi. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ba nama.

Talata

Tafiyar awa shida ce a ƙasa. Kaka ta yi, dawa ta sunkuya, amma rafuka ba su janye ba. A bakin wani ƙauye da ake kira Gidan Jatau dogari ya tare mu. Ya ga ƙafa uku, ya ce malaman awon gona ne suka zo ƙara haraji, ya kai mu gaban mai gari.

Malam ya yi bayani, ba a yarda ba. Sai ya kafa akwatin, ya rufa wa mai gari baƙin ƙyalle a ka, ya ce ya duba. Tsohon ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce ya ga jakinsa ƙafa a sama, kai a ƙasa.

"Abin da ke juya jaki ba zai iya auna gona ba," in ji shi. "Dogari, ba su masauki."

Laraba

Awa huɗu daga Gidan Jatau, muka ƙetare rafi ɗaya, muka isa kufan ƙauyen su Inna kafin rana ta yi zafi. Ba abin da ya rage sai duwatsun niƙa da kuka guda. Dutsen yana nan. Malam ya cire hula ya tsaya. Ni ma ina yaro aka raba ni da gida. Ni nawa garin ko sunansa ban riƙe ba.

Gilasai takwas muka zo da su. Ya ɗauki hoton dutsen, ya ɗauki na kukar. A fadama akwai gauraka biyu, amma da suka hango farar rigarsa suka tashi. Na ce ya tuɓe ta, ya shiga cikin gamba da akwatinsa, kada ya motsa. Na ciro burtuna daga jaka, kan tsuntsun nan da maharba ke ɗaurawa a goshi. Na yafa baƙin bargo, na zagaya ta inda iska ba za ta kai musu warina ba, na yi rarrafe ina sara ƙasa da bakin burtun. Da suka dawo ba su kula ni ba. A hankali na riƙa matsa su har gaban gamba. Shekara talatin ina wannan rarrafe, ranar ce ta farko da na yi shi ba baka a hannuna.

Gilasai shida suka tafi. Malam ya sa hannu cikin baƙar jaka ya mai da su gwangwani, ya ɗaure, ya ce kada in buɗe. Biyu suka rage a jikin akwatin. Muka kwana a bukkar wasu Fulani.

Alhamis

A hanyar komawa, a rafi, santsi ya ɗauke ni. Na faɗi, gwangwanin ya bugi dutse, na ji ƙara. Malam yana baya, ya tsaya kallon wani malam-buɗe-littafi.

A yaƙin Jamus na yi dako. Can na koyi cewa wanda ya kai kaya a fashe bai sani ba, bulalarsa ta fi ta wanda ya faɗa tun a hanya. Kowane maigida kuma yana cewa kada a buɗe, don tsoron sata. Ni ba ɓarawo ba ne. Na hau tudu, na kwance gwangwanin, na ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya a rana. Ba wanda ya tsage. Ban ga dutse ko tsuntsu a jikinsu ba, na ɗauka sai an wanke.

Da ya iso na ce, "Malam, na faɗi, amma na duba, duk shida lafiya."

"A rana ka duba, Baba Tanko?"

"A rana."

Ya zauna a ƙasa. Can ya gaya mini cewa haske ne ke rubuta hoto, haske kuma ke share shi. Shida ɗin nan sun mutu. Na miƙa masa sandata na ce ya yi abin da ya ga dama. Ya ture ta. Ya ce laifinsa ne, ya hana ni buɗewa bai gaya mini dalili ba, kamar yadda ake yi masa a wurin aiki.

Na ce saura biyu. Ya ce jirgi gobe ne. Na ce jirgi zai sake zuwa, idon Inna ba zai sake ba. Muka juya kufan.

Juma'a

Da hantsi gauraka suka sauka. Na sake ɗaura burtu. Gwiwar da na buga ta kumbura, na yi rarrafe a kanta haka nan. Malam ya kafa akwatin yadda dutse da kuka da fadama za su shiga gilashi ɗaya. Na farko ya lalace, namijin ya buɗe fiffike daidai lokacin. Saura ɗaya. Na kwanta cikin laka, tsando yana cizon wuyana, ban kore shi ba. Suka sunkuya kiwo, suka ɗaga kai tare, suka tsaya. Na ji ƙarar akwatin.

Wannan karon Malam ya ɗauki gwangwanin da kansa. Na ce ya kyauta.

Komawa gida

Jirgin Juma'a ya wuce mu, muka jira na Litinin a gidan fatoman nan. Mun shiga Tudun Wada da la'asar. Washegari Malam ya toshe ƙofar ɗakinsa da barguna, ya kunna jar fitila, ya wanke gilashin, ya buga a takarda. Ni ina zaure ina jira.

Aka fito da Inna tsakar gida inda rana take. Ta kai takardar dab da idon dama, ta daɗe tana matsa ta sama da ƙasa. Ta sa yatsa a gefen dutsen ta ce a nan suke shanya gero. Ta ce kukar ta rasa reshe ɗaya. Ta ga gauraka, ta ce dama bibbiyu suke zuwa. Sai yatsanta ya tsaya a kan wani baƙin abu a bayansu.

"Yohanna, har burtu ka samo mini?"

"Baba Tanko ne, Inna."

Ta juyo inda take jin numfashina. "Ashe ka je garinmu da gwiwa," in ji ta. "Allah ya kai ka naka."

Na ce amin. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mai garin Gidan Jatau, da Fulanin da suka ba mu nono, da Malam da bai karɓi sandar nan ba. Kafin ruwan farko idon Inna ya rufe. Takardar tana cikin ƙwaryar da take ajiye goronta.