Shawarar da Mai Walda Ya Ara

Duk wanda ya bi layin masu gyara ya san shagon Mai Walda, inda ƙofofin ƙarfe ke jingine a waje kamar masu jiran mota. Yanzu ya haura sittin, furfura ta cinye gemu, idonsa na hagu a ɗan kanne. In ana misalin mutumin da ya san ciwon kansa, da shi ake yi: shagon nasa ne, gidan da yake ciki nasa ne, 'ya'ya huɗu duk sun yi karatu.

Kaɗan ne suka tuna cewa a ƙuruciya Rariya abokansa ke kiransa. Hannu gare shi a wajen aiki, in ya haɗa taga sai ka nemi mahaɗin ka rasa. Amma ranar da aka biya shi, kafin rana ta faɗi kuɗin sun zama takalmi, ko agogo, ko nama ga duk wanda ya yi masa sallama. Ya taɓa sayen rediyo uku a wata guda, wai kowace ta fi ta baya murya. Sau biyu matarsa ta yi masa magana a farkon aurensu, ya ce, "Wanda ya ba mu yau, shi zai ba mu gobe." Daga nan ta ja bakinta.

Yana da shekara arba'in da ɗaya tartsatsi ya faɗa masa ido. Tabaran aikinsa ya daɗe da tsagewa, kullum sai ya ce gobe zai sayi sabo. Wata huɗu yana kwance. A tsakiyar jinyar mai ginin ya aiko cewa zai sayar da shagon, in yana so shi ne na farko, in ba ya so ya kwashe kayansa. Ya duba abin da ya mallaka a duniya, ya tarar da takalma goma sha biyu.

Da hantsi matarsa ta shigo ɗakin, ta ajiye ɗan littafin banki a kan cinyarsa.

"Baban yara, duba ko wannan zai kai."

Ya karanta da ido ɗaya, ya sake karantawa. "Ina kika samu?"

"A wurinka mana. Kuɗin cefane in ka ba ni, kafin in taka kasuwa na cire ɗaya cikin goma. Abin da na tsinta a aljihunka ranar wanki ma ba ya komawa. Sai ɗan abin da hulunan jarirai da nake saƙawa ke kawowa. Shekara goma sha uku ke nan."

Da kuɗin aka sayi shagon. Da ya warke ya fito, sai ya ji 'yan layi na cewa, "Ashe mutumin nan ƙasa-ƙasa yake tarawa! Mu ne wawaye." Ya buɗe baki zai gyara, yabon ya yi masa zaƙi, ya yi murmushi kawai. Daga ranar duk abin da ya samu hannunta yake kaiwa, ita ke yanke abin da za a ci da abin da za a ajiye. A waje kuwa sunan nasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan shekara ashirin shugaban makarantar koyon sana'a ya zo shagon da kansa. Za a yaye ɗalibai, ana son wani dattijo ya yi musu magana kan yadda ake riƙe kuɗi. 'Yarsa ta biyu malama ce a can, tana koyar da ɗinki. Ya amsa ba tare da ya yi tunani ba.

Zauren ya cika, fanka na juyawa, matasa sun kai ɗari. Ya riƙe abin magana ya yi ta zuba. Ya ce a cire na ajiya kafin a fara kashewa, don abin da ya rage ba ya ragewa. Ya ce kuɗin aljihu ƙafa gare su, a kai su inda hannu ba ya kaiwa da sauri. Ya ce da yayyafi kogi kan cika. Duk maganganun matarsa ne, har da yadda take ɗaga yatsa. Aka yi ta tafi.

Sai wata ɗaliba mai tabarau ta miƙe daga baya. "Baba, ni matsalata farawa. Ranar da ka fara, nawa ka ajiye, kuma me ka hana kanka?"

Ya ɗaga ido ya hango 'yarsa a jikin bango. Ita ta san littafin nan, tun tana ƙarama take raka uwarta banki, ta ga uwar na sa zane ɗaya shekara uku. Tana kallonsa, tana jira.

"Takalmi," in ji shi. "Na ga takalmin da nake so, na haƙura."

Zaure ya ɗauki tafi. 'Yarsa ta sunkuyar da kai, ta bi ta ƙofar gefe ta fita. Aka ba shi agogon bango a kwali, aka ɗauki hoto. Ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Bai hau mota ba, da ƙafa ya koma gida. Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya.

"Sannu da zuwa, malamin tattali. Yaya taro?"

Ya zauna a bakin baranda ya faɗa mata komai, har da takalmin. Ta yi dariya har ta dafa igiya. Sannan ta ɗauki riga tana ninkewa.

"Ni ban damu da tafi ba," ta ce. "Kai ka nemo, ni na riƙe. Amma yarinyar nan hanya ta tambaye ka, ka nuna mata wadda ba ka taɓa bi ba. In ta gwada ta kasa, cewa za ta yi ita ce ba ta da zuciya."

Kwana uku ba ya iya haɗa ido da 'yarsa. A na huɗu ya koma makarantar, ya tarar ɗalibai sun watse, kujeru a kife, sai malamai kawai. Ya tsaya a ƙofar ajin 'yar tasa yana murza hula, ya tambaye ta inda zai sami mai tabarau. Ta rubuta masa kwatance.

Wani ɗan lungu ne bayan kantin magani, keken ɗinki ɗaya da benci. Yarinyar ta miƙe da sauri tana share masa wuri.

"Zauna, 'yata. Ƙarya na yi miki. Ban taɓa haƙura da takalmi ba. Ni dai wayona ɗaya ne, shi ma sai da ido ya tafi na same shi: na gane ban iya riƙo ba, na miƙa wa wadda ta iya."

Ta dube shi. Ya yi zaton za ta yi dariya, ko ta ɗauke kai.

"Baba, Mamar tana karɓar baƙi?"

Washegari ta zo gidan da littafi da biro, tare da ƙawayenta biyu. Suka shige ɗaki, aka saki labule. Yana jiyo muryar matarsa tana tambayarsu nawa ne kuɗin zare, nawa ne na hannu, wanne suke ci a ciki. Ba wanda ya kira shi. Ya ɗan zauna a baranda, sannan ya tuna akwai ƙofar da ya yi alkawarin gamawa kafin la'asar, ya tashi ya nufi shago.