Sarauniyar da muka tuɓe a Jurf

Shekara goma ke nan da rasuwar ƙanwata Safiya, kuma har yau ban kai inda mutane ke so in kai ba, wato in tuna ta, in ce Allah ya jiƙanta, in wuce. Addu'a kam ina yi kullum. Amma duk lokacin da na tuna shekarar sarautarta raina ɓaci yake yi, kuma rabin fushin da kaina nake yin sa.

Masu karatu na gida sai na ɗan yi musu bayani. Mu 'yan Madina ne, jikokin alhazan da suka zo a ƙafa suka zauna. Muna da takardun ƙasa, gidanmu na unguwar Jurf, kuma da yawanmu idan aka yi mana Hausa a kasuwa sai mun waiga mun ga ko wani ya ji. Can ƙarshen shekarun casa'in ƙungiyar matanmu ta ƙirƙiro gasar Sarauniyar Hali. Ba gasar nuna jiki ba ce. Karatu ake dubawa, da ladabi, da girki, da yadda yarinya ke kula da iyayenta. Wadda ta ci za ta yi shekara guda tana hidimar jama'a, a ba ta kambi, a kuma ba ta motar ƙungiya da direba kwana uku a mako. Wanda ya san garinmu, inda mace ba ta tuƙi, ya san motar nan ta fi kambin daraja.

Safiya ta ci tana da shekara goma sha tara. A faɗi gaskiya, yarinya ce mai son madubi, mai raki, kuma Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Ka yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Ni ce sakatariyar ƙungiya a lokacin, na kuma san abin da muke nufi da hidima: rabon dabino da azumi, ziyarar marayu, a dawo a yi ta yabon juna.

A wata na uku na sarautarta aka aike ta kai abincin sadaka wani tsohon gida da tsofaffin mata ke zaune, irin waɗanda suka zo umara suka ƙi komawa don su mutu a binne su a Madina. Ba su da takardar zama. Goro suke sayarwa da hatsin tattabaru. Wata a cikinsu, Iya Mariyama, ta riƙe hannun Safiya ta daɗe tana magana. Safiya ta dawo gida idonta jajir, ta maimaita mini abin da ta iya riƙewa, ta ce in fassara. Tsohuwar cewa ta yi shekara shida ke nan 'ya'yanta ba su san ko tana raye ba.

Washegari Safiya ta sayi rikoda da kwalin kaset. Sai ta zauna gaban tsohuwa ta danna, tsohuwa ta yi wa 'ya'yanta magana, ta yafe wa wanda za ta yafe wa, ta faɗi wanda zai ɗauki gonarta. Idan lokacin komawar masu umara ya yi, mota ta kai Safiya masaukinsu ko filin jirgi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ya fito daga gari kaza, har ta sami mai kaiwa. A haka bakinta ya buɗe. Hausa ce gauraye ta koya, ta Kano da ta Nijar da ta Sudan duk a tukunya ɗaya, muna yi mata dariya tana ci gaba.

Tsofaffin sun kafa mata sharaɗi guda. Kada ta rubuta komai a jikin kaset, ko suna ko gari, domin idan jami'an shige da fice suka kama kaset ɗin, sun kama mai shi. Saboda haka zare take ɗaura wa kowanne, wannan ja, wancan kore, sunan gari da na unguwa kuma ta riƙe a ka. Yarinyar da ba ta iya tuna inda ta ajiye takalminta.

Labari ya kai kunnen shugabar ƙungiya, Hajiya Kaltume. Aka kira taro. Aka ce motar ƙungiya na tsayawa ƙofar gidan marasa takarda, aka ce idan aka kama ta sunanmu duka zai ɓaci, aka ce mun sha wuya kafin Larabawa su daina yi mana kallon baƙi. Ba wanda ya ce abin da Safiya ke yi ba alheri ba ne. An dai tuɓe ta, saura wata biyu shekararta ta cika, ana gab da aikin Hajji. Ni na rubuta takardar, ni kuma aka aika in karɓo kambin, wai don abin ya zo mata da sauƙi.

Ta miƙo mini shi ba musu. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya, ku riƙe. Motar kawai nake so, sau biyu kacal, bas. Saura kaset bakwai a hannuna."

Na ce ba ni da iko. Da alhazai suka fara komawa ta roƙe ni in raka ta a tasi, tunda Baba ya ji tsoro ya hana ta fita ita kaɗai. Na ce mata ta bari ƙura ta lafa, baɗi ma akwai Hajji. Ba ta ga baɗin ba. Sanƙarau ya ɗauke ta cikin kwana uku. Kafin mu gama zaman makoki an kai samame gidan tsofaffin an watse su, Iya Mariyama kuwa ta riga ta rasu.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka na fara da nawa. Amma tudun wasu ma ina hango shi. Watan jiya ƙungiya ta aiko mini da katin gayyata mai ruwan zinariya. Sun sauya wa gasar suna, yanzu Kyautar Safiya ce. An rubuta cewa ta sadaukar da ƙuruciyarta wajen hidimar baƙin Manzon Allah. Ba a ce an tuɓe ta ba, balle a ce saboda baƙin ne. Hajiya Kaltume da kanta ta kira ni ta ce in zo in yi jawabi, ta ƙara da cewa abin da ya wuce ya wuce. Wannan shi ne ihu bayan hari, kuma masu ihun su ne maharan.

Nakan tambayi kaina me Safiya za ta ce da ta ga yau. Yanzu ko mai sayar da goro tana da wayar hannu ƙulle a bakin mayafi, ba mai bukatar kaset. Na san za ta yi murna da wannan. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta kalli 'yan matanmu na yanzu, waɗanda ake koya wa tarihinta da Larabci zalla, a zauren da har gobe ba a barin irin su Iya Mariyama su wuce ƙofar kicin.

Kaset bakwai ɗin suna wurina. Na saurare su har na haddace. Duk shekara nakan ɗauki rikoda in bi masaukin alhazai in kunna musu, kuma a haka Allah ya sa huɗu sun isa gida, don masu maganar sun ambaci rafi ko kasuwar da wani ya gane. Uku sun rage, har da na Iya Mariyama. Ita ba ta faɗi gari ba, me zai sa ta faɗa, da 'ya'yanta take magana. Habu take kira, da Rabi. Habu nawa ne a ƙasar Hausa?

Ba zan je bikin ba. Idan ana neman abin da ya rage na ƙanwata, ba ya jikin katinsu. Yana gidaje huɗu da suka san inda uwarsu ta kwanta. Yana kuma ƙarshen kaset mai jan zare, na Iya Mariyama, inda tsohuwar ta gama magana, ta tambaya ko da gaske zai isa. Sai a ji muryar Safiya kusa da rikoda, da karyayyar Hausarta, tana cewa, "Zai isa, Iya. Yayata tana cikin ƙungiya, ba za ta bari a hana ni mota ba."