Tirelar da mahaifina ya yi sallah a ƙarƙashinta

Shekarun baya, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, Zamfara ba ta zama jiha ba, ciwon son a ce da ni mai mota ya kama ni. Hatsi nake saye da sayarwa a Ƙaura Namoda, asirina a rufe, amma zuciya ba ta da ƙashi. Abokina yana da tsohuwar tarakta, ba shi da abin da zai ɗaura mata. Muka shirya in sayi tirela mai juye kaya, shi ya riƙa ja, muna kai wa mutane taki gona da bazara, da yashi da marmara wurin gini.

A bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani dattijon bakanike da ya sayi tireloli biyu na hannu, waɗanda wani kamfanin gyaran hanya ya bari da ya tashi. Girmansu ɗaya, tsatsarsu ɗaya. Bambancin yana wurin jak, wato abin da ke ɗaga bodin sama da ƙarfin mai. Dattijon ya sa abokina ya haɗa tiyon man da tarakta, ya ɗaga mana su ɗaya bayan ɗaya.

"Wagga jak irin almakashi gare ta ƙarƙashin ciki," in ji shi. "Ba ta tashi sama ƙwarai, kuma nawa gare ta awa raƙumi. Amma ko mai ya zurare, sannu-sannu taka sauka. Waccan ko sanda guda ta, nan gaba. Ta hi sauri, ta hi tsawo. Sai dai duk nauyin bisa sandar yake, kuma robar bakinta ta tsuhwa."

Ni ban ji rabin maganar ba. Idona yana kan sandar nan tana fitowa gaɓa-gaɓa kamar eriyar rediyo, gaɓa huɗu, kowace tana ƙyalli, har bodin ya miƙe ya kere rufin shagon. Don kada a ce ban yi tambaya ba, na ce, "Baba, in ɗanka na, wace za ka ba shi?" Ya ce mai almakashi. Na gode masa ƙwarai, na sayi mai sanda.

Bai yi mini musu ba. Ya shiga shago ya jawo wani gungumen ƙirya ya jefa a tirelar, ya ce duk sa'ad da na ɗaga bodin in tokare shi da wannan, don mai ne kaɗai ke riƙe da shi, mai kuwa ruwa ne. Gungumen ya yi sati guda tare da mu. Nauyi gare shi, ga cin wuri, sai na sauke shi a ƙofar gida ya zama wurin zaman masu hira. Ran kasuwar Shinkafi kuwa ko kaya babu sai na sa abokina ya ɗaga bodin, jama'a su taru suna kallo, ni ina gefe ina gyara hula. Nakan ga ɗan mai yana naso a bakin sandar, in sa tsumma in goge, in ce gumi ne.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye gabas da Zurmi. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ko sunana ba ya kamawa, "kai wanga" yake ce mini. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban kuma tuna ranar da hannuna ya taɓa jikinsa ba tun da na yi wayo. Mutum ne mai doguwar sallah. An taɓa ba ni labarin kunama ta harbe shi yana tsaye, bai motsa ba sai da ya sallame. Ga shi kunnensa ya fara nauyi.

Da bazara ta yi nisa na ce bari in yi abin kai, in kai masa taki gonarsa kyauta. Muka loda shara da takin juji daga Ƙaura. An yi yayyafi a kwanan, takin ya jiƙe, da muka ɗaga bodin rabi ya zube, rabi ya manne. Abokina ya ce a bar shi a ɗage rana ta busar da shi, zai zube da kansa. Ya kulle famfon man, ya zare tiyo, ya kwance tarakta ya tafi Zurmi neman man gas. Ni kuma na bi mutum biyu da ke baza takin zuwa ƙarshen gona, ina nuna musu aikin da suka fi ni sani.

Wanda ya san gonakinmu da bazara ya san darajar inuwa. Babu itace a gonar nan, ƙasa kamar garwashi, ga ƙazantar juji ko'ina kusa da tirelar. Azahar ta yi. Mahaifina ya duba ya ga inuwa mai kyau a ƙarƙashin bodin da ke ɗage. Ya ɗauki katakan da muke ƙara wa bodin tsawo ya jera su a kan ƙarafunan da bodin ke kwanciya a kai, dab da sandar jak. Ya shimfiɗa buzunsa, ya ajiye butarsa, ya hau ya tayar da sallah.

Ina dawowa na hango shi, kuma gaskiya da farko daɗi na ji, wai ga tirelata ta yi wa Baba rana. Sai idona ya kai kan sandar. Na saba ƙirga gaɓoɓinta don jin daɗi. Na ƙirga uku da rabi. Na sake ƙirgawa. Ina cikin haka bodin ya yi wani ɗan ƙugi ya zauna ƙasa kamar tsawon tafin hannu, ya tsaya. Baƙin mai yana gangarowa jikin sandar, yana ɗiga a gefen buzun.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na san nauyin ƙarfen nan, na san jiƙaƙƙen takin da ke manne a cikinsa. Babu tarakta da za ta mayar da shi sama, gungumen tokari yana Ƙaura mutane suna zaune a kansa. Na matso na ce, "Baba." A hankali na faɗa, da ladabi, kamar mai gaisuwar safe. Na ɗaga murya na ce, "Subhanallah," yadda ake tunatar da liman. Ya yi ruku'unsa a natse. Na tsaya ina lissafi: raka'a ta nawa yake, ko sandar za ta jira ya sallame? Ku dubi wauta, rai yana kan siraɗi ni ina neman hanyar da ba zan yi rashin kunya ba.

Bodin ya sake zama ƙasa, wannan karon da ƙara. Ban san lokacin da na taka ƙarfen gaba na hau ba. Yana ɗagowa daga ruku'u na rungume shi ta baya, na fizge shi da duk ƙarfina, muka faɗo ƙasa tare. Shi ne a ƙasa, a kan kafaɗarsa ta dama, cikin takin juji. Na ji ƙashin ya yi ƙara. Na ja shi a ƙasa kamar buhu har muka fita daga inuwar.

Sai bodin ya ƙi faɗowa.

Yana nan tsaye abinsa. Masu baza taki suka sheƙo a guje. Babban cikinsu, sa'an mahaifina ne kusan, ya shaƙe wuyan rigata. "Kai, hauka kaka yi? Mahaihinka na hwa, kuma bisa sallah." Ni dai nuna sandar nake yi da hannu, su kuwa ba su ga komai ba sai ƙarfe a tsaye. Mahaifina yana kwance, hularsa a can gefe, gemunsa duk ƙazanta, yana dubana. Dubana kawai yake yi kamar bai san ni ba. Wani tsoron ya danne na farko: in abin nan bai faɗo ba, ni ke nan har abada, ɗan da ya kayar da ubansa yana sallah. Allah ya gafarta mini, a wannan ɗan lokaci fata nake ya faɗo.

Mutumin bai saki rigata ba robar bakin sandar ta fashe. Mai ya yi feshi, sandar ta shige cikin kanta gaba ɗaya, bodin ya rufto da ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Katakan suka tarwatse. Da ƙura ta lafa, gefen buzun ne kawai ke leƙowa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, butar kuwa ta zama faifai.

Mahaifina ya yunƙura ya zauna, ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Ku ba ni ruwa, sallata ba ta cika ba." Hannun dama ya ƙi ɗaguwa, mutumin da ya shaƙe ni shi ya zuba masa ruwa ya wanke jiki ya sake alwala. Ya koma gefe ya yi sallarsa daga farko cikin rana tsaka. Ni ina zaune a ƙasa, ina kuka da gemuna.

Da abokina ya dawo muka kai shi wurin mai ɗori a Zurmi, aka ce kafaɗar ta goce, ƙashi kuma ya tsage. Mahaifiyata ta tambaye shi abin da ya faru, ya ce ya faɗo ne daga kan mota, bai ƙara ko kalma ba. Tirelar na mayar wa dattijon bakanike na karɓi mai almakashi, na yi shekaru ina aiki da ita. Ko ita ban taɓa ɗagawa na juya baya ba sai da tokari, ban kuma sake barin bodi a sama ba inda mutum zai iya ganin inuwarsa.

Masu tambayata wace iri za su saya, ina faɗa musu abin da aka faɗa mini na ƙi ji. Amma abin da ke hana ni sukuni har yau ba zaɓin jak ba ne. Tsayuwar nan ce da na yi ina kiran "Baba" a hankali. Da sandar ta gaza a lokacin, da kunyata ce ta kashe shi.

Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, kafaɗar ba ta koma daidai ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce tsufa ne. Wata Juma'a, muna zaune a masallacin ƙauye, na tattara ƙarfin hali na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yahe mani kahwaɗarka." Ya juyo da kunnensa mai ji, na maimaita. Ya ce, "Wace kahwaɗa? Kai wanga, tashi, an tada iƙama."

Muka shiga sahu, ina gefensa. Ya ɗaga hannuwa zai yi kabbara, na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji.