Hannun da Desanka Ba Ta Gani Ba

Desanka ta shiga masaƙar garinmu tana 'yar shekara goma sha bakwai, zamanin ƙasarmu Yugoslabiya na da rai. Masaƙar ba ta gwamnati ba ce, ba ta attajiri ba. An ce ta ma'aikata ce: su sayar da yadi a kasuwa, su taru su ɗaga hannu kan yadda za a yi da riba. Baiwar Allah ta ɗauki maganar nan da gaske fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta.

Shekarar da yadi ya yi kasuwa kowa ya sa rai da rabo. Aminiyarta Radojka har ta zaɓi injin wanki a kanti, don 'ya'yanta huɗu, hannuwanta duk sun tsage da ruwan sanyi. Sai Desanka ta miƙe a taro ta ce a sayo sababbin injinan saƙa.

"Namu ne fa! 'Ya'yanmu za su gada."

"Desa, yau yaran suke ɓata kaya," in ji Radojka. "Ke za ki zo ki wanke?"

Aka kwashe da dariya, amma hannuwa suka bi Desanka. Radojka ta koma wa bahonta, ta daina zuwa shan kofi gidan Desanka. Shekara ashirin da biyar gaisuwa kawai ke haɗa su, abin yana cin Desanka a rai.

Ƙasa ta wargaje. Masana suka zo da sabon karatu, wai abin da yake na kowa ba shi da mai shi. Aka sayar da masaƙa ga wani da bai taɓa riƙe zare ba, kuma wannan karon ba a nemi hannun kowa ba. 'Yar Desanka, mai gadon, ta tafi Jamus jinyar tsofaffi.

Ranar da motoci suka zo kwasar injinan a matsayin tsohon ƙarfe, Desanka na tsaye bakin ƙofa, kunya kamar ta nutse. Sai ga Radojka da sandarta.

"To, ga injin wankina can ya hau mota," in ji Radojka.

"Rada, ki yafe mini. Na hana ki, kuma ban ba kowa komai ba."

Radojka ta juyo ta dube ta.

"Rufe mana baki, tsohuwa. Ni ma na ɗaga hannu ranar, ina bayanki ne ba ki gani ba. Na yarda da ke."